Gangar da Hannu Bai Shiga Ba, Ba Ta Wanku Ba

Makonni uku da suka wuce na halarci walimar auren wani ɗan'uwanmu a nan zango. An kafa rumfa, an jera kujeru, mata na ta kai da kawo da kwanukan tuwo da shinkafa da wake. Amma abin da ya ja hankalin jama'a a ranar yana kan wani tebur a gefe: 'yan gangunan ƙarfe guda huɗu, kowace mai cin lita 5, an lulluɓe su da sitika mai hoton ango da amarya, kowace da ɗan famfonta a ƙasa. Biyu na zubo sobolo, biyu na zubo lamurje. Samari na ɗaukar hoto, dattawa na cewa zamani ya zo da hikima.

Na tara kofi na kurɓa. Duk wanda ya taɓa jefa kwabo a baki yana yaro ya san ɗanɗanon da na ji. Na ɗaga kofin na duba, jan sobolon ya dushe, ya koma kamar ruwan da aka wanke baƙin zane a ciki. Sai na kira yaron da ya kawo gangunan, ɗan yayata ne, mai ƙwazo da neman na kansa. Na ce, “Ɗana, ina ka samo waɗannan?”

Ya ce, “Kawu, wurin 'yan gwangwani na saya. Cikin kayan da ake saukewa daga Turai suka zo. Guda goma ne, na ɗauki huɗu, sauran wata mai dafa pito a bayan kwata ta kwashe.”

Na ce, “Ka san abin da ke cikinsu da farko?”

Ya sunkuyar da kai. “Giya ce, Kawu. Amma wallahi an wanke. Sau uku na wanke da garin sabulu, sannan na zuba bilic ya kwana a ciki.”

“An wanke.” Wannan kalmar ce ta hana ni barci, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. Washegari na biya shi kuɗin ganga ɗaya, muka kai wa mai walda ya raba ta biyu. Gani ya kori ji. Kewayen bakinta daga ciki zoben tsatsa ne ja wur. Shafin da ke jikin bangonta ya yi bororo a wurare da yawa, kana taɓawa yana ɓarewa. A gindinta, inda aka naɗe ƙarfe da ƙarfe, wani baƙin layi ya zagaye. A bayan famfon kuma akwai wani abu mai yauƙi da ya manne, sabulu bai taɓa isa gare shi ba. Yaron ya yi shiru, can ya ce, “Kawu, ai ban iya ganin ciki ba.” Ya faɗi gaskiya, kuma a cikin gaskiyar tasa hujjata take: mazubin da hannu ba ya shiga, ido ba ya gani, babu mai ikon rantsewa cewa ya wanku.

Bari mu fara da sanin abin da muke magana a kai. Wannan 'yar ganga mai lita 5 ta fi yawa a Jamus da maƙwabtanta, inda kamfanonin giya ke cika ta don a saya a kai gida ranar biki ko kallon ƙwallo. Da farantin ƙarfe mara kauri ake yin ta, dangin wanda ake yin gwangwanin tumatir da shi. Abin da ya raba abin sha da ƙarfen shi ne wani shafi na roba-roba da bai kai kaurin takarda ba. Ƙofarta rami ne guda a sama wanda da ƙyar yatsa ke shiga, an toshe shi da marfin roba. Wanda ya ƙera ta ya yi lissafin cikawa sau ɗaya, a shanye, a jefa a kwandon tsofaffin ƙarafa a narke. A kan wannan lissafin ya tsayar da kaurin ƙarfen, da kaurin shafin, da farashin.

A can Turai da Amurka akwai masu dafa giyarsu a gida, kuma wasunsu, don gudun wahalar wanke kwalabe da yawa, sukan sake cika waɗannan gangunan. Kukansu iri ɗaya ne. Wajen ɓamɓare marfin roba da filaya ko sukudireba sai a ƙarce gefen ramin, tsatsa ta fara daga nan. In an wanke, ruwa ba ya tsiyayewa duka, domin leɓen ramin ya lanƙwasa ciki, sai ɗigon da ya rage ya kwana yana cin ƙarfe. In giyar ta ci gaba da tashi a ciki iska ta yi yawa, sai saman gangar ko gindinta ya kumbura, shafin ya tsattsage. Mutanen da nake faɗa suna da ruwan zafi a famfo, da magungunan wanki na musamman, da ɗaki mai sanyi, amma duk da haka bayan 'yan cikawa kaɗan sukan yar da gangar. To ina ga mu da muke ɗaukar abin da suka riga suka yar, bayan ya yi makonni cikin kwantena a kan teku yana shan iskar gishiri, kafin ya sauka a Tema?

Tsatsa ba ta da wani sirri. Ƙarfe ne ya gamu da ruwa da iska. Gishiri na gaggauta ta, tsami ma haka. Mugun halinta shi ne ba ta tsayawa inda ta fara. Ta fi ƙarfen da ta ci girma, saboda haka tana kumbura, ta ɗaga shafin da ke gefenta, ta buɗe sabon wuri, ruwa ya shiga, ta ƙara gaba. Ƙarcewar da ba ta kai tsawon farce ba yau, bayan wata guda ta zama tabo. Kuma jikin tsatsa soso ne, cike da ƙananan ramuka. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ragowar suga da gasara na maƙalewa a ramukan, ƙwayoyin cuta da fumfuna su zauna a kai, su gina wa kansu wani yauƙi mai kama jiki wanda kurkura ba ta ɗaga shi. Sai an goge shi da hannu ko buroshi yake fita. Ga shi kuwa hannu ba ya shiga.

Yaron ya yi zaton bilic zai rufa masa asiri, kuma mutane da yawa na da irin zatonsa. Bilic na kashe ƙwayar cutar da ya taɓa, amma ba ya ratsa dattin da ya daskare, kuma sinadarin kulorin da ke cikinsa maƙiyin ƙarfe ne. Barin sa ya kwana a ganga kamar a ba ɓarawo makulli ne. Ko ƙarfen nan mai sheƙi da ba ya tsatsa, wanda muke kira silba, in bilic ya daɗe a kansa sai ya yi masa ƙananan huji. Wani kuma yakan ce a zuba tsakuwa ko yashi a girgiza. Tsakuwar za ta ɗaga datti, ta kuma ɗaga shafin tare da shi. Ruwan da ya tafasa na raunana shafin da robar famfo. Soson waya ba ya shiga, in ma ya shiga ɓarna zai ƙara. Duk hanyar da ta isa ta wanke wannan ganga da gaske ta isa ta lalata ta, duk hanyar da ta bar ta lafiya kuma ba ta wanke ta ba. A tsakanin waɗannan biyun kalmar “an wanke” take zaune.

Ba na son in tsorata kowa da abin da ba haka yake ba. Ɗan ɓurɓushin tsatsa da ya faɗa kofi sau ɗaya ba zai kashe mutum ba. Ciwon sandarewar jiki da ake danganta wa tsohuwar ƙusa ma, ƙwayar cutar da ke cikin ƙasa ce ke kawo shi ta hanyar rauni, tsatsar ba ta da hannu. Amma ruwa ba ya tsami banza. Tsatsa shaida ce cewa katangar da ke tsakanin abin sha da ƙarfe ta rushe, kuma daga wannan rana duk abin da aka zuba a ciki yana narkar da ƙarfe yana ɗauka. Abin tambaya shi ne nawa yake ɗauka, kuma shekara nawa mutum zai yi yana sha.

An riga an amsa wannan tambaya a kudancin Afirka, kuma da gawarwaki aka amsa ta. A 1929 wani likita mai suna Strachan, da ke binciken gawarwaki a Johannesbag, ya ba da rahoton cewa hantar baƙaƙen fata da yawa cike take da sinadarin ƙarfe fiye da kima. An ɗauki shekaru ana neman dalili kafin a gano inda ya fito: giyar dawa da masara da ake dafawa, ake kuma bari ta yi tsami a cikin gangunan baƙin ƙarfe, bayan an bar tukwanen ƙasa. Da aka auna, an samu irin wannan giya na ɗauke da kimanin miligiram 40 zuwa 80 na ƙarfe a kowace lita, alhali giyar kamfani ba ta kai miligiram 1 ba. Jikin babban mutum kuwa miligiram 1 zuwa 2 kacal yake buƙatar tsotsa a rana, kuma ba shi da wata ƙofa ta fitar da rarar. Abin da ya shiga ya zauna, ya taru a hanta da sauran gaɓoɓi. Ƙarshensa ƙanƙancewar hanta, ko sankarar hanta, ko ciwon suga, kuma yana ba tarin fuka ƙarfi. Wani bincike da aka wallafa a 1992 ya nuna cewa gado ma na da hannu, wato wasu iyalai sun fi wasu saurin tara ƙarfen. Babu wanda ya zuba wa waɗannan mutane guba. Mazubi kawai aka sauya don an sami mai araha.

Na san abin da wani zai rubuta a ƙasan wannan rubutu: “Malam, giya ce fa. Mu ba ma sha. Wanda ya sha ya ji da hantarsa.” Ni ma ba na sha, kuma hukuncinta ba shi ne zancena yau ba. Amma ina da amsa biyu ga mai wannan magana.

Ta farko, ganga ba ta tafiya da ƙafarta. Daga Nima zuwa Aboabo ta Kumasi, zuwa kasuwannin Tamale, duk wanda ya san harkar tsofaffin ganguna da jarkoki ya san cewa 'yan zango na cikinta dumu-dumu. Mu ne ke saye daga masana'antu da gareji da tashar jirgin ruwa, mu jera a bakin hanya. Matar nan Badagarta ko Bafrafra da ke dafa pito don ta biya kuɗin makarantar 'ya'yanta, wurin wa take sayen durom ɗin da take jiƙa tsiron dawa a ciki? Sau da yawa wurin ɗanmu. Shi ya san ko man girki ne ya fito daga ciki, ko fenti, ko man juye, ko sinadarin da ba a san sunansa ba. In ta tambaya, ya ce mata “an wanke”, ya karɓi kuɗi, ya je ya yi alwala da butar da ya tabbatar da tsabtarta. Kakanninmu sun zo ƙasar nan da fatauci tun zamanin cinikin goro a Salaga, kuma abin da ya ba su wurin zama a tsakiyar mutanen da ba harshensu ɗaya ba shi ne an yarda da bakinsu. Ɗan kasuwar da ya ɓoye aibin kayansa don mai sayen ba addininsu ɗaya ba, ya ci amanar wannan gado. Haƙƙin maƙwabci bai tsaya a kan abin da ke cikin ƙwaryarsa ba.

Ta biyu ta fi kusa da gida. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ƙarfe bai san giya ba, tsami ya sani. A ma'aunin tsami, inda lamba ke ƙanƙancewa gwargwadon ƙaruwar tsamin, ruwa zalla na kan 7, giyar kwalba na tsakanin 4 da 4.5, sobolo kuwa yakan sauka ƙasa da 3. Kowane mataki ɗaya a wannan ma'auni ninki 10 ne. Ma'ana, sobolon da muke ba yara ranar suna ya fi giyar da aka ƙera gangar dominta tsami sau goma ko fiye. Lamurje da tsamiya ko lemon tsami a cikinsa, kunun zaƙi da ya kwana, fura da nono, burkina, duk dangin tsami ne. Dusashewar launin da na gani a kofina alama ce ta cewa jan launin zoɓorodo ya gamu da narkakken ƙarfe. Saboda haka gangunan nan guda goma da aka raba, huɗun da suka zo walimarmu sun fi shidan da suka tafi gidan pito shan wahala, kuma masu shan namu yara ne da mata masu ciki da tsofaffi.

'Yar gangar Jamus baƙuwa ce a zango, ƙila wasu ba su taɓa ganinta ba. Amma 'yan'uwanta sun cika gidajenmu. Ga bokitin kwano mai rufin tutiya: in aka bar abin sha mai tsami a cikinsa, tutiyar na narkewa, kuma wanda ya sha yakan kama amai da murɗar ciki cikin ɗan lokaci. Sau nawa aka tashi daga biki da amai aka ce sammu ne ko maiko ya yi yawa? Ga tukwanen alminiyam da ake zubawa daga narkakkun tsofaffin kayan mota. Wani bincike da aka wallafa a 2014 a kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya nuna cewa suna sakin dalma idan aka tafasa ruwa mai tsami a ciki, dalma kuwa tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro ba tare da ya yi zazzaɓi ko kuka ba. Ga galan ɗin Kufuor, ruwan ɗorawa, mai lita 20 ko 25, wanda ya sami sunansa lokacin ƙarancin ruwa a mulkin shugaban da ya yi daga 2001 zuwa 2009. Asalinsa na man girki ne, kuma roba ce ba ta tsatsa, amma bakinsa ƙarami ne, cikinsa duhu. Leƙa wanda ya shekara a gidanka da tocila ka ga koren gansakukan da ya shimfiɗa a gindinsa. Ga robobin ruwa da na lemo da yara ke tsincewa a tasha da bakin kwata, a kurkure a baho ɗaya, a ɗura sobolo. Wa ya sha da bakin wannan roba jiya? Me ya zuba a ciki bayan ya shanye?

Mafi muni duka shi ne jarkar maganin feshi, na ciyawa ko na ƙwarin koko. Ƙa'idar da hukumomin abinci da na lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka shimfiɗa a fili take: a kurkure sau uku, a zuba ruwan kurkurar cikin injin feshi, a huda jarkar don kada kowa ya sake amfani da ita, kuma kada a taɓa zuba abinci ko ruwan sha a ciki. Dalili shi ne roba na tsotsar wani ɓangare na maganin cikin jikinta, ta riƙa sakinsa a hankali. Lambar da ke gindin roba cikin alamar kusurwa uku, 1 ko 2 ko 5, irin robar take faɗa maka. Ba ta faɗin abin da ya taɓa zama a ciki.

Za a ce mini talauci ne, kuma ban raina wannan hujja ba. Matar da jarinta bai wuce kuɗin kwano biyu na zoɓorodo da suga ba, ba za a ce mata ta sayi tankin silba ba. Amma araha ba ta ado, kuma a yi lissafi da gaskiya. Sabon bokitin roba mai murfi da faɗin baki, wanda aka yi don abinci, yakan yi shekaru. 'Yar gangar da ɗan yayata ya saya ba ta kai biki na uku ba. Kwana ɗaya a asibiti da yaro mai gudawa ya cinye kuɗin bokiti da yawa. Kuma shi yaron nan ba talauci ne ya kai shi ga gangar ba, ƙawa ce. Yana da manyan kuloli masu faɗin baki a ɗakinsa, ya bar su saboda ba sa kyau a hoto. Kyan ɗan maciji ke nan.

Za a ce kakanninmu sun sha a gora da tulu, su ma bakinsu ƙarami ne. Haka ne, kuma ba zan ce zamanin da babu ciwon ciki ba. Amma gora ba ta tsatsa, ba ta taɓa ɗaukar fenti ko maganin feshi ba, mai ita ya san tarihinta tun daga gona. Abin da ke tsami kuwa, a faffaɗan mazubi suke sarrafa shi: randa, kwatarniya, ƙwarya. Dubi yadda Bafulatana ke yi da ƙoren nononta, ta goge da hannu, ta kife a rana har su bushe ƙarau. Ita ma mai pito ta asali a manyan tukwanen ƙasa take dafawa, waɗanda za ta iya zura hannu har kafaɗa ta kankare. Ba su san sunan ƙwayar cuta ba, amma sun san cewa abin da zai taɓa tsami dole hannu ya kai ko'ina a cikinsa, rana kuma ta gan shi. Mu da muka yi boko mu ne muka yar da wannan sani saboda fenti mai sheƙi.

Wani mai wayo zai ce ai ƙarfe na ƙara jini, ga matanmu na fama da ƙarancinsa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. An yi gwaji a Habasha, aka wallafa a 1999, inda yaran da ake dafa musu abinci a tukunyar baƙin ƙarfe suka sami ƙarin jini. Amma tukunya ce mai tsabta, da aka ƙera don girki, abinci ya yi awa ɗaya ko biyu a ciki a sauke. Ina haɗinta da ruɓaɓɓen gwangwani da abu mai tsami zai kwana biyu a ciki, yana kwasar ƙarfe da ɓarɓashin shafi da yauƙin ƙwayoyin cuta ba tare da awo ba? Magani ma in ya wuce awo sunansa guba.

Sai masu cewa, “Mun daɗe muna sha, ba abin da ya same mu.” Hanta ba ta kuka da wuri. Wanda ta kayar kuma ba ya dawowa dandali ya ba da shaida, sai a ce ajali ne, ko ciwon shawara ya yi masa yawa.

To me nake nema? Abu huɗu, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu.

Ga mai sarrafa abin sha, ko sobolo ne ko pito: kafin ki zuba, yi wa mazubin tambaya uku. Na san abin da ya fara zama a cikinsa? Hannuna ko buroshi na kai ko'ina, idona na gani? Yana bushewa ƙarau bayan wanki? In amsa ɗaya ta zama a'a, a ajiye shi. Wanki kuma hawa biyu ne: a fara cire datti da sabulu da soso mai laushi, sannan a kashe ƙwayar cuta da ruwan zafi ko bilic da aka sirka sosai na 'yan mintoci, a ɗauraye, a kife ya bushe. Kada a taɓa haɗa bilic da wani abu mai tsami, hayaƙin da ke tashi guba ne. Kwalbar gilashi ta fi robar tsintuwa, domin ido na ratsa ta kuma tana jure zafi.

Ga wanda lallai sai ya yi ƙawa da ganga mai famfo: akwai ta gaskiya. Tun 1913, lokacin da Harry Brearley ya haɗa ƙarfen da ba ya tsatsa a Shefild ta Ingila, aka san cewa in an sa wa ƙarfe sinadarin kuromiyam da ya kai kashi 10.5 cikin 100, yakan yi wa kansa wata fata da ke sabunta kanta in an ƙarce. Irin wanda ake yi wa kayan abinci yakan zo da alamar 304 ko 18/8. Gangunan lita 19 da kamfanonin lemo suka yi amfani da su a da, waɗanda masu dafa giyar gida a Turai suka koma wa bayan 'yar gangar ta ba su kunya, da wannan ƙarfe aka yi su, kuma suna da faffaɗan murfi da hannu ke shiga. Gwaji mai sauƙi: maganaɗisu na manne wa gwangwani da ƙarfi, amma da ƙyar yake kama irin wannan silbar.

Ga 'yan kasuwarmu masu sayar da ganguna da jarkoki: ku raba kayanku gida biyu, na abinci daban, na sauran aiki daban. Wanda ya ɗauki magani ko fenti ko mai, a huda shi ko a yi masa babban tambari da jan fenti. In mace ta zo saye, tambaye ta me za ta zuba. Ribar da za ka rasa a ganga ɗaya ba ta kai darajar a ce bakinka abin yarda ne ba.

Ga sarakunan zango da shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin mata: Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012, mai lamba 851, ta riga ta hana sayar da abincin da aka sarrafa cikin ƙazanta, kuma hukumar FDA na da ikon kamawa. Amma ma'aikacin hukuma ba zai zo walimar ɗanka ya leƙa cikin ganga ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Uwar biki da ta ce “a nuna mini mazubin kafin a zuba” ta fi sufeto goma tasiri.

Sauran gangunan uku, ɗan yayata ya huda gindinsu, ya yanke samansu, mahaifiyarsa ta shuka na'ana'a da albasa a ciki. Sun yi kyau a bakin ƙofa. Rabin wadda muka yanka kuwa, na ce ya ɗauka ya bi ni. Muka tsallaka kwata muka yi sallama a gidan mai piton. Ta fito tana goge hannu, tana mamakin abin da ya kawo ɗan zango da hula ƙofarta. Na ce, “Mama, ba saye muka zo ba. Ki dubi cikin wannan, irin naki ne.” Ta karɓa, ta juya shi a rana, ta sa farce ta ɓare shafin. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce da Hausarta ta kasuwa, “Wanda ya sayar mini ya ce an wanke.”

Na ce mata na sani. Mu ma haka aka ce mana.

Allah ya ba mu ikon gyarawa.